Bakin Yaro Bai Buɗe Ba: Yaushe Za A Jira, Yaushe Za A Tashi

Jawabin da ɗaya daga cikin tafintocin sashen kare haƙƙi ya yi wa iyaye a Tamale. Mun buga shi a nan saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, musamman na Tarikom da Zini.

Mun san wasu sun bar kayansu a kasuwar Aboabo sun ba maƙwabta jira, wasu kuma sun biya kuɗin keke tun daga Lamashegu da Sakasaka. Ba za mu riƙe ku har la'asar ba.

Mu ba likitoci ba ne, ba kuma nas-nas ba. Tafintoci ne. Aikinmu mu zauna tsakanin jami'ar kare haƙƙi da wanda ya zo da kukansa, mu juya maganar wannan zuwa kunnen wancan. Abin da ya shafi lafiya a cikin wannan jawabi mun zauna da ma'aikatan lafiya sun duba mana shi. Sauran kuwa abin da idonmu ya gani ne a bakin aiki.

Ga abin da ya sa muka roƙi a ba mu wannan lokaci. In ana cike takarda, akwai tambayar da ake yi wa kowane gida: akwai mai wata larura a cikinku? Kusan kullum amsar ita ce babu. Sai an gama, an tashi, uwa ta gyara goyo ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo ta ce da mu a hankali, ba da jami'ar ba, "Malam, wannan dai har yanzu bakinsa bai buɗe ba." Mun ji wannan magana da Hausa, mun ji ta da Mosanci, mun ji ta da Fulatanci da Busanci. Wani lokaci yaron wata 14 gare shi, ba abin da ya same shi. Wani lokaci kuma ya kusa shekara 4, an daɗe da makara, don an yi ta ce wa uwar ta bari, kawunsa ma haka ya yi.

Za mu fara da kuskuren da mu kanmu muka yi, don kada ku ɗauka mun zo nuna mun fi ku sani ne.

Mun taɓa raka wata baiwar Allah wurin awo da ɗanta mai wata 20. Nas ta tambaya da Turanci, kalmomi nawa yake faɗa? Muka juya mata da Hausa. Uwar ta yi shiru, ta ce biyu, "zo" da "a'a". Nas ta yamutsa fuska ta rubuta. Uwar ta fito jikinta a sanyaye, ko abincin rana ba ta iya ci ba. Muna zaune a inuwa muna jiran abin hawa sai yaron ya miƙa hannu wajen mai sayar da ruwan leda ya ce "kom". Can akuya ta wuce, ya nuna ta ya ce "buu". Muka ce, baiwar Allah, waɗannan fa? Ta ce ai wannan ba Hausa ba ce. Ashe da yake da Hausa muka tambaye ta, ta ɗauka kalmomin Hausa kaɗai ake nema. Uban yaron Bamoshe ne, ita Bafulatana ce, masu gidan da suke haya Dagombawa ne. Muka zauna muka ƙirga da ita a kan yatsu, harshe bayan harshe, muka samu kalmomi 14. Laifin ba na nas ba ne, ba kuma na uwar ba. Namu ne, don mun juya kalma mun bar ma'ana.

To, ku riƙe wannan tun yanzu. In ana ƙirga kalmomin yaro, duk harsunan da yake ji ake haɗawa. In ya ce "ruwa" an ƙirga, in ya ce "koom" irin na Mosawa ko "kom" irin na Dagombawa an ƙirga, in ya ce "ndiyam" an ƙirga. Ko bai faɗa daidai ba, in dai kullum sautin nan yake yi wa abin nan, kalma ce. Yaron da ke ce wa ƙosai "sai", yana ce wa babur "bum", yana ce wa tunkiya "mee", kalmomi uku ke nan.

Kuma yawan harsuna ba ya ɗaure wa yaro baki. Muna jin ana cewa yaran nan sun rikice ne, nan Faransanci, nan Dagombanci, nan Hausa, ga Turanci a rediyo. Masu nazarin maganar yara sun daɗe da duba wannan, abin da suka samu shi ne yaro mai harshe biyu ko uku yana fara kalmarsa ta farko a daidai lokacin da mai harshe ɗaya ke farawa. Mu ma shaida ne, ba sai mun je nesa ba. Wane yaro ne ya tashi a Zangon Hausawa ko Zangon Moshi na garin nan da harshe ɗaya? In kun ji yaro ya haɗa rabin magana da Fulatanci rabi da Hausa, ba rikicewa ya yi ba, mu manya ma haka muke yi a kasuwa. Haɗarin wannan zance na "yawan yare ne" shi ne yana sa a zauna ana jira, alhali wata matsalar ce daban take cin yaron.

Yanzu bari mu bi yadda magana take zuwa. Ba ranar da yaro ya ce "Inna" take farawa ba. Jariri ɗan wata 2 yana firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, yana kuma yin wasu 'yan sautuka da ba kuka ba. Wajen wata 4 in kika yi magana sai ya juyo inda muryarki take. Wajen wata 6 ana hira da shi: ki yi sauti ya mayar, ki sake ya sake. Zuwa wata 9 gwaranci ya kankama, ba-ba-ba, ma-ma-ma, in an kira sunansa ya waiwayo. Ɗan shekara ɗaya yana ɗaga hannu in baƙo zai tafi, yana kiran uwa ko uba da wani suna nasa, in an ce "bari" ya ɗan dakata ko da zai koma.

Daga shekara ɗaya zuwa biyu nan ne hankalin iyaye ya fi tashi, don haka a nan za mu daɗe. Wajen wata 15 ana sa ran yaro yana ƙoƙarin kalma ɗaya ko biyu ban da sunan uwa da uba, yana kuma nuna abin da yake so da yatsa. Wajen wata 18, wato shekara ɗaya da rabi, kalmomi uku ko fiye, kuma in an ce "kawo takalminka" ya je ya kawo ba tare da an nuna masa da hannu ba. In ya cika shekara 2 sai ya fara haɗa kalma biyu: "ba ni", "Baba tafi", "ruwa zafi". In aka ce ina hancinka, ina cikinka, ya taɓa. Wajen shekara biyu da rabi kalmominsa sun kai kamar 50, ya fara cewa "ni" da "mu". Ɗan shekara 3 kuwa ya zama abokin hira. Yana faɗin sunansa, ya ishe ku da "mene ne wannan" da "ina Yaya" da "don me", kuma wanda ba ɗan gida ba yana gane yawancin abin da yake faɗa.

Wannan lissafi ba mu muka ƙago shi ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da likitocin yara na can suka sabunta shi a 2022, suka kuma tsara shi a kan abin da aƙalla yara uku cikin huɗu suke yi a kowane mataki. Wato ba gwanaye aka auna ba. Yara da yawa sun wuce haka nesa, za ku ga ɗan wata 18 da kalmomi 20 ko fiye. Shi ya sa in yaro ya kai lokacin bai yi abin ba, ya cancanci a duba shi. Ba cewa aka yi lallai yana da ciwo ba.

Abu biyu game da ƙirgen watanni. In yaro bakwaini ne, a shekaru biyun farko ana ƙirga masa daga ranar da ya kamata a haife shi, ba ranar da ya faɗo ba. Na biyu, mun san takardu da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu, don an baro takardar haihuwa a gida ko ta ƙone. Kada ki auna ɗanki da wannan ranar. Ki tuna ko kafin ƙaramar Salla aka haife shi ko bayanta, ko gero ya yi kai, ko ana cikin hunturu, mu taya ki fitar da watan.

Amma in za mu zaɓi abu ɗaya da muke so ku koma gida da shi, ba yawan kalmomi ba ne. Ku duba ko yaro yana ganewa, ku duba yatsarsa. Akwai nuni iri biyu. Akwai na "ba ni", yaro ya nuna koko don yana jin yunwa. Akwai kuma na "duba ki gani": jirgi ya wuce zai sauka filin jirgin Tamale, yaro ya nuna sama, ya juyo ya kalli fuskar uwarsa ya ga ko ita ma ta gani. Ba jirgin yake so a ba shi ba, so yake su gani tare. Wannan na biyun ana sa ran ganinsa zuwa wata 18. Yaron da ke yin haka, yana jin aike, yana ɗaukar murfin kwalba ya kara a kunne wai waya yake yi, yana goya ɗankwali wai jaririya ce, ko da kalmominsa kaɗan ne, sau da yawa maganar tana nan tafe. A kai shi a duba, amma da kwanciyar hankali. Wanda kuwa ba ya waiwayowa in an kira shi, ba ya haɗa ido, ba ya nuni sai dai ya ja hannunki ya ɗora a kan abu kamar hannun ba na mutum ba ne, wannan kada a jira shi. Yana iya zama kunne ne, yana iya zama larurar da likitoci ke kira otizim, wadda wasu ke ce wa galahanga, yana iya zama wani abu daban. Mu ba za mu iya rarrabewa ba, ku ma haka. Aikin asibiti ne.

Haka nan yaron da ya fara magana sannan ta ɓace. Yana cewa "Inna", yana cewa "zo", yanzu wata biyu ba a ji ko ɗaya ba. Ko shekarunsa nawa, a wannan makon za a kai shi.

Bari mu zo kan kunne, don shi ne aka fi mantawa kuma shi ne ya fi saurin ganowa. Akwai wata yarinya 'yar shekara 3 da aka kawo mana maganarta ba don rashin magana ba. Maƙwabciya ce ta zo ta ce dukan da ake yi wa yarinyar ya yi yawa. Da muka zauna da iyayen, uban ya ce taurin kai gare ta, a kira ta sau biyar ba za ta juyo ba sai an daka mata duka. Ba mugun mutum ba ne, a ganinsa tarbiyya yake yi. Jami'ar ta ce mu tambaya ko ta taɓa yin wani babban ciwo. Uwar ta ce a hanya, lokacin zafi, tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ta yi zazzaɓi mai tsanani, wuyanta ya sanƙare, ta kwana biyu ba ta san inda take ba. Ta tashi, aka gode Allah. Kafin ciwon tana cewa "Baba". Bayansa ba ta ƙara ba. Da aka gwada kunnenta aka samu ba ta ji. Kusan shekara biyu ana dukanta a kan kiran da bai taɓa isa kunnenta ba. Ranar da aka gaya wa uban, mu muka juya masa maganar, kuma ba mu taɓa juya magana mai nauyin wannan ba.

Arewacin Gana da Burkina Faso duk suna cikin yankin da sanƙarau ke yawo, daga hunturu zuwa tsakiyar bazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya yakan fita da wata illa mai ɗorewa, kuma rashin ji yana cikin waɗanda suka fi yawa. Ƙyanda, hangum, shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai har da jijjiga, duk suna iya taɓa ji ko magana. Sai kuma wanda muka raina, kunne mai zubar da ruwa ko mugunya. Yaro ya yi wata da watanni kunne na tsiyaya, ƙuda na bi, ana sharewa da bakin zane. Wannan yaro yana jin magana ne kamar wanda aka toshe wa kunne da auduga, a daidai shekarun da yake tara kalmomi. Hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara daga abubuwan da za a iya karewa ne.

Kada ku ce ai yana ihu, yana dariya, don haka yana ji. Jaririn da ba ya ji shi ma yana kuka, yana dariya, yana 'yan sautuka a watannin farko. Gwarancin ne ba ya kankama, ko ya fara ya mutu. Kuma tafi a bayan yaro ba gwaji ba ne, don yana jin iskar hannu, yana ganin inuwa, yana jin motsin ƙasa. In kuna so ku lura a gida, ku tsaya inda ba ya ganinku, ku kira sunansa da ƙaramar murya, ko ku motsa ledar biskit. Ko ya juyo, in zuciyarku ba ta kwanta ba, ku nemi a gwada shi da na'ura. Gwajin ba ya da zafi, ana yi wa jariri ma yana barci.

Nan ne littafin awo yake da amfani, wato littafin lafiyar uwa da yaro da ake bayarwa a asibitocin gwamnati da ƙananan wuraren lafiya na CHPS. Mun lura iyaye da yawa suna daina zuwa awo da zarar an yi allurar ƙyanda ta wata 9. A Gana akwai allurar wata 18: ta ƙyanda karo na biyu, da ta sanƙarau nau'in A. Ba ta kare kowane irin sanƙarau, amma tana kare wanda a da ya fi kawo annoba a yankin nan. Kun ga ranar ta faɗo daidai lokacin da ya kamata a tambayi kalmomi uku da nuni da yatsa. Tafiya ɗaya, biyan buƙata biyu. In nas ba ta tambaya ba saboda layi ya yi tsawo, ke ki tayar da maganar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sauran yaran fa, waɗanda kunnensu lafiya, suna ganewa, amma bakin ya yi nauyi? A nan akwai abin da muke ganin gudun hijira ya ƙwace wa yaranmu wanda ba a rubuta shi a kowace takarda. A gida yaro ba daga bakin uwarsa kaɗai yake koyon magana ba. Akwai kaka mai yi masa kirari da tsokana tana ce masa mijinta, akwai goggo, akwai kishiyar uwa, akwai yayye goma a tsakar gida, akwai kakan da ke ɗora shi a cinya a zaure. A wurin Fulani da Hausawa da yawa, in ɗan fari ne, uwar ma kunyarsa take ji, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Al'adar ba ta cutar da yaro ba, don akwai bakuna ashirin da suka ɗauke mata. Yau kakar tana Jibo ko Wahiguya ko Kaya, ko ta rasu. Goggo tana wani sansani. Saura yarinya 'yar shekara 19 da ɗan farinta a ɗaki ɗaya na haya ko a tanti, mijin ya fita neman na cefane tun asuba. In ta riƙe kunyar nan yadda uwarta ta riƙe, wa zai yi wa yaron magana? Ba mu ce a zubar da al'ada ba. Ba sai kin kira sunansa ba, ki sa masa wani na wasa. Ba sai a gaban surukai ba. Amma in ku biyu ne a ɗaki, ki yi masa magana. Iyayenmu tsofaffi da ke nan, ku ne za ku ba su izini, in daga bakinku ya fito za su yi. Kuma jikan maƙwabciya ma jika ne.

Maganar da ake nufi ba karatu ba ce, ba ta kuma cin ko sidi ɗaya. Kina wanka da shi, ki faɗi abin da kike wankewa, ga hannu, ga ƙafa, ruwan da sanyi. Kina tuƙa tuwo, ki gaya masa. Yana goye kuna tafiya kasuwa, abin da ya juya ya kalla shi za ki ba suna, ba abin da ke kike so ya kalla ba. In ya nuna kofi, kada ki miƙa nan take, kada kuma ki hana shi har ya yi kuka. Ki ce "ruwa? ruwa kake so?", ki ɗan jira kamar numfashi uku, sannan ki ba shi ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Jiran nan shi ne wurin da kalmarsa za ta shiga. In ya ce "mota", ki ce "e, babbar mota", ki ɗora masa ɗaya a kan tasa. In ya ce "luwa" kada a yi masa dariya, kada a ce sai ya gyara, ki dai maimaita daidai ki wuce. Harafin "r" yana cikin masu zuwa a makare. Ku kuma ja kunnen yayyensa masu amsa masa tambaya tun bai buɗe baki ba. Iyaye maza, wannan aiki har da ku, minti goma bayan magariba yaro na kan cinya ba ya rage wa kowa girma.

Da wane harshe? Da wanda kika fi iyawa, wanda kike mafarki da shi. Muna ganin iyaye suna tilasta wa kansu guntun Turanci ko guntun Dagombanci don wai yaro ya shirya wa makaranta, sai hirar ta koma "kam" da "sit dawun". A Gana yaro yana shiga ajin share fage na gwamnati yana da shekara 4, zai kuma ɗauki Dagombanci da Turanci a can da wurin abokan wasa, da saurin da zai ba ku mamaki. Wanda ya je da harshen gida mai ƙarfi ya fi saurin ɗora wani a kai. Tatsuniya, waƙar raino, kirarin dangi, da Fulatancinki ko Mosancinki za ki ba shi, ba mai ba shi su in ba ke ba.

Sai waya. Mun sani, in uwa na suyar wainar sayarwa, wayar ce ke riƙe mata yaro, ba mu zo ganin laifin kowa ba. Amma waya ba ta jira yaro ya amsa, ba ta kuma san abin da ya nuna ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ku kuma kula da hotunan hare-hare da ake turowa ta WhatsApp. Yaron da ke gefenku yana gani.

Wannan ya kawo mu ga yaran da tsoro ya rufe wa baki. Akwai waɗanda suka ji harbi, suka kwana a daji a bayan uwa tana toshe musu baki kada su yi kuka a ji. Irin wannan yaro yana iya komawa baya: ya daina 'yan kalmominsa, ya koma fitsarin kwance, ya manne wa uwa. Wani kuma a ɗaki yana surutu, da ya ga baƙo sai ya zama kamar dutse. Kada a tsare shi da "gaida Malam, ba ka da baki ne?" Kada a tambaye shi abin da ya gani, kada kuma a riƙa maimaita labarin ranar a gabansa ana cewa ai yaro ne bai san komai ba. Abin da ke taimakonsa shi ne kwanakinsa su zama iri ɗaya, lokacin ci, lokacin barci, fuskokin da ya saba, da wasa da yara. Mun ga waɗanda maganarsu ta dawo haka a hankali. Amma ko kun tabbata tsoro ne, a gwada kunnen, don yaron da ya gudo yana iya haɗa biyun. Uwar ma a duba ta. Wadda baƙin ciki ya danne ba ta da bakin yi wa jariri wasa, kuma wannan ba lalaci ba ne, akwai masu sauraronta a sashenmu.

In'ina kuwa takan ɓullo tsakanin shekara 2 da 5, lokacin da tunanin yaro ya fi bakinsa sauri, kuma yawancin yara tana barinsu da kanta. Kada a kwaikwaye shi, kada a ƙarasa masa magana. In ta wuce wata shida, ko yana matse fuska yana wahala, ko akwai ta a dangi, a faɗa a asibiti.

Akwai abubuwan da muke roƙon a bari. Kai yaro wurin wanzami a yanke masa linzami ko a cire beli don bakinsa ya buɗe: linzami ba ya hana yaro ganewa ko tara kalmomi, in ma ya ɗaure harshe da gaske likita ne zai duba, aska kuwa tana jawo zubar jini da cuta. Ɗiga man ja ko ruwan ganye a kunne mai mugunya, da sosa shi da tsinken ashana ko gashin kaza. Addu'a ba mai hana ku, mu ma muna yi, a yi ta a kan hanyar asibiti. Sai mafi nauyi, kulle yaro a ɗaki ko ɗaure shi, ko kiransa ɗan ruwa ko mai iska. Dokar yara ta Gana ta 1998 da dokar masu buƙata ta musamman ta 2006 sun hana wulaƙanta yaro saboda larurarsa, kuma sun shafi duk yaron da ke ƙasar nan, ɗan ƙasa ko baƙo. Ku tuna kuma yaron da ba ya magana ba zai iya faɗin wanda ya taɓa shi ba, masu mugun nufi sun san haka. Kada a bar shi wurin kowa da kowa, kada a aike shi shi kaɗai.

Ba za mu yi muku alkawarin abin da babu ba. Masu gyaran magana kaɗan ne a Gana, sai a 2016 Jami'ar Gana ta fara horar da su, yawancinsu kuma suna kudu. Amma hanya tana nan. A fara da wurin awo mafi kusa, su rubuta takardar turawa. A nan garin akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tamale. Yaron da aka tabbatar ba ya ji, ba a rufe masa ƙofa ba: akwai makarantar kurame a Savelugu a kan hanyar Bolga, akwai ta Gbeogo kusa da Bolga ga na Tarikom, akwai ta Wa ga na Zini. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, kuma kamar kowane harshe, da wuri ake son yaro ya same ta. Yarinyar nan da muka ba ku labari, yanzu ita da ubanta suna da alamun hannu na ruwa da abinci da "zo" da "bari", shi ne ma ya fi uwar iyawa.

Wasu suna ɓoye irin wannan yaro don tsoron kada ya ɓata musu rajista ko a raba su da shi. Faɗin larurar yaro ba ya ɓata takardar kowa, sai ma ya sa a san gidan da za a fara dubawa. Abin da kuka faɗa mana kuma ba ya fita, mun sa hannu a kan haka. Ba a biyan tafinta, ba a biyan jami'i. Wanda ya nemi kuɗi a hannunku, ku kawo ƙararsa.

Ranar da za ku je, ku riƙe littafin awo da katin inshorar lafiya na NHIS. Wanda katinsa ya mutu ya gaya mana yau. Kafin ranar, ku yi kwana uku kuna lura, duk kalmar da yaro ya faɗa da kowane harshe a sa ɗan makaranta ya rubuta, ko a ɗauke ta a waya. Ku tuna mana kowane babban zazzaɓi da ya taɓa yi da watan da ya yi shi. Ku zo da wanda ya fi yini da yaron, ko da yayarsa ce 'yar shekara 10, don sau da yawa ita ta fi kowa sanin kalmominsa.

Yanzu za mu zauna a teburan baya. Mai jin Fulatanci tana hagu, mai Mosanci da Busanci yana dama, Hausa da Faransanci kuwa ko'ina. Wadda take jin nauyin magana a gaban maza, akwai ɗaki a ciki, mace ce za ta zauna da ita. A fara kawo mana waɗanda maganarsu ta ɓace da masu ciwon kunne.